Milimita Huɗu

Motar babana ta shekara tara a bayan garken tumaki,
kaji sun yi ƙwai a kujerar direba,
iskar Patagoniya ta lashe fentinta har ƙashi.
Na sayo mata inji da giyabos
daga wata babbar mota da ta kife a hanyar Cochrane.
Na ɗaura, na tayar, ta yi gurnani.
Na sa giya. Ko gezau.
Zuciya sabuwa, ƙafafu na da,
ba mai jin yaren wani.

A Coyhaique, bayan masu sayar da itace,
akwai Don Baldomero Oyarzún,
mai yatsu tara, da injin fiƙe ƙarfe
wanda ya girme ni.
Na dire masa tsohon shaf a kan benci.
Bai amsa gaisuwata ba
sai da ya ƙirga haƙoransa da farce:
"Ashirin da bakwai.
Sabon gidan kuwa talatin yake so.
Babu kantin da ke sayar da wannan sulhu, Ximena,
sai an ƙera.
Tsawo fa?"

Na miƙa takarda mai tabon girisi.
Ni na auna, a kwance, tocila a baki,
sanyi na gatsa min kunne.
"Kin tabbata?"
Na ce na tabbata.
Ya turo min shayin mate mai ɗaci,
ya ce hagu da dama ba tsawonsu ɗaya ba,
ko a mota, ko a jikin mutum.

Mako biyar.
Sandar ƙarfe ta taso daga Santiago,
ta hau jirgin ruwa, ta sha hazo.
Na tsaya ina kallo ranar da ya ɗora ta:
tana juyi, tana zubar da gashi
murɗaɗɗe, shuɗi, mai zafi.
Ya yanka haƙoran ɗaya bayan ɗaya,
yana motsa leɓe kamar mai addu'a.
Ya gasa ta har ta yi jan garwashi,
ya tsoma a mai, ta yi tsaki,
hayaƙi ya kore mu waje.

Na dama ya shige kamar wuƙa a kube.
Na hagu ya shiga, ya yi lilo,
bai kai gida ba.
Milimita huɗu.
Ƙwayar shinkafa ma ta fi shi tsawo.
Da ya zarce, da an rage;
gajere ba shi da magani.
Na zauna a kan taya har rana ta faɗi.

Da na mayar, bai ce "na faɗa miki" ba.
Ya ɗauki alli, ya rubuta sunana a jikinsa,
ya ɗaga labulen buhu a bangon baya.
Ashe suna nan a rataye, goma sha ɗaya,
kowane da sunan mai shi.
Na can sama, wanda tsatsa ta cinye,
an karce shi da ƙusa: Baldomero.
"Wannan ya ci min albashin wata uku," in ji shi,
"yatsan kuma daban."

Ran Lahadi ya zo da ma'auninsa a aljihu,
ya shimfiɗa kwali,
ya kwanta ƙarƙashin motar babana,
ya auna sau uku, ya sa na auna na huɗu.
Kuɗin ƙarfe kawai ya karɓa,
da cinyar rago.

Yau ina hawan dutse kafin ƙanƙara ta rufe hanya,
tumaki ɗari biyu na jira a sama.
Taɓo ya kama taya, ya sake.
Can ƙasa, inda ido ba ya kai,
sanduna biyu na juyi a cikin duhu da mai,
ɗaya doguwa, ɗaya gajera,
suna kai saƙon baƙon inji
ga ƙafafun da suka san hanyar tun ina goye.

Sunana kuwa yana bango, na goma sha biyu.
Na roƙe shi kada ya goge.